Coci ya ba su suna, reluwe ya ba su abinci: ofishin Richardson da magadansa

A ranar 27 ga Afrilu 1886 ciwon ƙoda ya yi ajalin Henry Hobson Richardson a Brookline, wani gari da ke jikin birnin Boston na Amurka. Shekarunsa 47. Duk ƙasar ba mai zanen gini da ya kai shi suna a lokacin, amma da bashi ya mutu, gidan da yake zaune ma na haya ne. Ya bar mata da 'ya'ya shida, ya kuma bar ayyuka sama da 20 a hannu, wasu an kai linta, wasu ko harsashi ba a haƙa ba. Cikinsu akwai babbar kotun Pittsburgh da gidan yarinta, da katafaren ɗakin ajiyar haja na Marshall Field a Shikago, da tashar jirgin ƙasa ta New London.

A wancan zamanin, sana'ar zanen gini ta mutum ɗaya ce. In maigida ya kwanta dama, yaransa su watse, kowa ya kama gabansa. Wannan ofishin bai watse ba. Mutum uku daga cikin ma'aikatansa, George Shepley da Charles Rutan da Charles Coolidge, suka haɗa kai suka ci gaba da aiki da sunan Shepley, Rutan and Coolidge, kuma kamfanin yana nan har gobe da sunan Shepley Bulfinch. Masu tarihin gine-gine suna tuna wannan gida da abu biyu, coci-coci da tashoshin jirgin ƙasa. Da jin haka mutum zai ce ina ruwan biri da gada, wurin ibada da wurin hayaƙi da yankan tikiti. Amma in aka bi sawun kuɗin, za a ga daga aljihu ɗaya suka fito.

Richardson haifaffen Louisiana ne, a kudancin Amurka, a 1838. Ya gama jami'ar Harvard a 1859, ya wuce Faris ya shiga École des Beaux-Arts, babbar makarantar zane ta Faransa, shi ne Ba'amurke na biyu da ya karanci zanen gini a can bayan Richard Morris Hunt. Yaƙin basasar Amurka ya tsinke masa kuɗin da ake aiko masa daga gida, dole ya nemi aiki a ofishin wani mai zanen gini Bafaranshe don ya ci abinci. Ya komo Amurka a 1865 ba ko sisi, ba kuma ginin da zai nuna ya ce nawa ne.

Abin da yake da shi abokai ne. Ɗaya daga cikin 'yan ajinsu na Harvard, James Rumrill, ya auri 'yar Chester Chapin, shugaban kamfanin jirgin ƙasa na Western Railroad kuma babban attajirin garin Springfield. A 1866 jama'ar wani coci a garin, Church of the Unity, suka buɗe gasar zanen sabon gininsu. Chapin na cikin manyan masu ba da kuɗin, Rumrill kuwa shi ya yi ruwa ya yi tsaki har aka bar abokinsa ya shigar da zane. Richardson ya ci gasar, aikinsa na farko ke nan. Shekara na zagayowa kamfanin Western Railroad ya ba shi zanen ofishinsa a wannan garin. Coci na farko da aikin reluwe na farko duk daga zuri'a ɗaya suka fito, tsakaninsu shekara guda. A 1867 aka haɗe Western da kamfanin Boston and Worcester aka sami Boston and Albany, Chapin ya zama shugaba, daga baya Rumrill ya zama mataimakin shugaba. A riƙe wannan, za a dawo kansa.

Ginin da ya fito da shi duniya shi ne cocin Trinity na Boston. Ya ci gasar a tsakiyar 1872, kafin shekarar ta fita babbar gobarar Boston ta watan Nuwamba ta cinye tsohon cocin, aikin ya zama na gaggawa. Limamin cocin, Phillips Brooks, mai wa'azi ne da jama'a ke tururuwa su saurara, saboda haka buƙatarsa a fili take: kowa ya gan shi, kowa ya ji shi. Tsarin coci da aka saba da shi, dogon zaure mai jerin ginshiƙai wanda na baya ba ya hango na gaba, bai dace da wannan ba. Richardson ya gajarta zauren ya faɗaɗa shi, ya yi fuka-fukai huɗu gajeru da suka haɗu a tsakiya, ya ɗora wata ƙatuwar hasumiya a kan mahaɗar, ta yadda jama'a suka taru kusa da mumbari a ƙarƙashin rufi ɗaya. Fasalin hasumiyar daga tsohon babban cocin Salamanca na Sifaniya aka aro shi. Ciki kuwa John La Farge ya shafe bango da ja da ruwan zinare.

Filin da aka ba shi ba ƙasa ce ta asali ba. Unguwar Back Bay fadama ce ta ruwan teku da aka cike da tsakuwa, in ka ɗora mata nauyi sai ta lotsa. Sai da aka kafa gungumen itace wajen 4,500 a cikin laka, aka jera duwatsu a kansu, sannan aka tayar da gini. Itacen ba ya ruɓewa muddin yana nutse cikin ruwan ƙasa, ranar da ruwan ya janye iska ta same shi, ranar ɓarna ta fara. Shi ya sa har yau masu kula da cocin suke auna zurfin ruwan da ke ƙarƙashinsu. An keɓe ginin a watan Fabrairu 1877. A 1885 wata mujallar masu zanen gini ta nemi masu karatunta su zaɓi gine-gine goma mafiya kyau a Amurka. Trinity ya zo na ɗaya, biyar daga cikin goman kuma na Richardson ne. Salon ma sunansa aka laƙaba masa, wato salon Rumawa irin na Richardson: dutse mai kaushi da ba a goge fuskarsa ba, ruwan toka a jiki ja-ja a bakin ƙofa da taga, da bakan gizo mai faɗi da ke tasowa daga kusa da ƙasa.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, bayan Trinity coci kaɗan ya gina. Ya shiga gasar babban cocin Albany a 1883 aka kayar da shi. Sauran ƙanana ne, kamar Emmanuel na Pittsburgh, ginin bulo mai zagayayyen baya da mutanen unguwa ke kira tandun burodi. Dalili a fili yake. Jama'ar coci sau ɗaya suke gini a tsawon zamani guda, kuɗin na karo-karo ne, kwamiti kuma ba ya rabo da gardama. Ofis mai ma'aikata da ke jiran albashi ba zai zauna jiran irin wannan aiki ba. Yana buƙatar mai sayen da zai dawo bana ya dawo baɗi.

Nan ne Rumrill ya sake shigowa, tare da wani maƙwabcin Richardson a Brookline, Charles Sprague Sargent, masanin itatuwa, shugaban gandun Arnold na jami'ar Harvard, wanda kuma darakta ne a Boston and Albany. A 1881 kamfanin ya ba Richardson tashar Auburndale. Daga nan sai Palmer, Chestnut Hill, South Framingham, Brighton, Waban, Woodland, Eliot da Wellesley Hills, tara ke nan cikin shekara biyar. Ya yi wasu uku ga wasu kamfanoni, a North Easton da Holyoke da New London. Ta North Easton ɗin ma kyauta ce daga Frederick Ames, ɗan gidan masu masana'antar shebur da suka zuba dukiya a layin dogo na Union Pacific, kuma su ne suka ba Richardson zanen ɗakin karatu da zauren taro a garin nasu.

Me ya sa kamfanin jirgi zai kashe kuɗi a kan dutse da fitaccen mai zane, alhali rumfar katako ma tana sayar da tikiti? Ruwa ba ya tsami banza. Yawancin waɗannan tashoshi na garuruwan yammacin Boston ne, musamman Newton, inda kamfanin ya buɗe layi mai zagaye a 1886. Fasinjan da ake nema shi ne mai aiki a birni yana kwana a bayan gari, mai hawa jirgi safe da yamma, kwana shida a mako. Wasu tashoshin an gina su ne a wuraren da gidaje ba su kai sun kawo ba, don a ja hankalin masu hali su sayi fili su tare. Tasha ita ce ƙofar unguwa, in ta yi kyau filin da ke bayanta ya yi daraja, jirgi ya sami mahaya. Ga kuma batun suna, domin a shekarun nan jama'a sun ƙosa da kamfanonin jirgi saboda tsadar kuɗin dako da ƙarfa-ƙarfa, har jihar Massachusetts ta kafa hukumar sa musu ido tun 1869.

A ganina waɗannan ƙananan gine-gine sun fi Trinity nuna gwanintarsa, domin a nan ba wurin ɓuya a bayan ado. Tashar da aka saba gani a lokacin gidan katako ne mai tsini da tarkacen sassaƙa, ko kuma a yi mata hasumiya tana kwaikwayon coci. Richardson ya zubar da duk wannan. Ya lura cewa mutumin da ke tasha ba zama ya zo yi ba, wucewa yake, daga keken doki zuwa tarago, abin da yake so shi ne kada ruwa ko ƙanƙara su taɓa shi a tsakani. Saboda haka ya mayar da rufi shi ne ginin. Bango gajere na dutse, hawa ɗaya, sai wani babban rufi na fallayen dutse da ya sauko ƙasa-ƙasa ya zarce bango ta kowane gefe, kamar malafa a kan gajeren mutum. Ta gefen dogo rufin ya miƙe a kan turakun katako ya rufe dandamali. Ta gefen hanya ya zama rumfar da keken doki zai shiga ƙarƙashinta a sauke fasinja. Ciki ɗakin jira ne da benci da katako mai sheƙi, a wasu tashoshin na maza daban na mata daban, ɗakin mai tikiti kuma ya ɗan turo ƙirji waje ta gefen dogo don ya hango jirgi ta dama da hagu ba tare da ya tashi daga kujera ba. A Chestnut Hill rumfar keken dokin bakan gizo ne na dutse mai faɗi ƙwarai, gajere, har ka ce ƙasa ce ta buɗe baki. A Palmer kuwa, inda layuka biyu suka gitta juna a karkace, bai yi gardama da filin ba, ya bar ginin ya bi karkatar, gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi, kowane layi da dandamalinsa.

Filin da ke kewaye ma ba a bar shi da gawayi da tarin juji ba. Frederick Law Olmsted, wanda ya tsara lambun Central Park na New York, ya tare a Brookline a farkon shekarun 1880, ya zama maƙwabci kuma abokin aiki. Shi ya tsara hanyar shiga da shuke-shuken tashoshi da dama, Sargent na mara masa baya daga cikin kamfani. Mai zane, mai lambu, da darakta, duk a gari ɗaya suke kwana.

Duk wannan bai bayyana yadda aikin ya rayu bayan maigida ba, sai an leƙa cikin ofishin. Richardson ba ya zama ya zana gini daga tushe har rufi. Jikinsa ma ba zai bari ba, mutum ne mai ƙiba ƙwarai ga rashin lafiya. Yakan yi 'yar zayyana da fensir, wani lokaci ba ta fi tafin hannu ba, ya miƙa wa ɗaya daga cikin yaransa. Ofishin a jikin gidansa yake, dogon ɗaki da aka yanka lungu-lungu, kowane mai zane da teburinsa da labulensa, su da kansu suna kiran wurin akurkin kaji. Yaro ya faɗaɗa zayyanar, maigida ya zagayo ya duba, ya goge nan ya ƙara can, a sake. A haka Charles McKim da Stanford White suka koyi aiki a hannunsa tun yana New York, kafin su kafa nasu kamfanin. Sannan akwai 'yan kwangilar da kusan kullum su ake ba aikin, Norcross Brothers na garin Worcester, masu nasu wuraren fasa dutse. Orlando Norcross ya san abin da Richardson ke nufi tun kafin a gama zanen, shi ne injiniya shi ne mai ƙiyasin kuɗi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a 1886 hannu ɗaya ne kawai ya fita daga ƙarƙashinta.

Magadan sun raba aiki daidai da halinsu. Rutan, wanda ya girme su, ya shiga ofishin tun yana yaron aike, shi ya san lissafin gini da na kuɗi. Shepley da Coolidge ba su kai 30 ba, su ke zane da ganawa da masu kuɗi. Shepley ya auri 'yar Richardson, Coolidge kuma ya auri 'yar'uwar Shepley, kuma duka amaren biyu sunansu Julia. Ofis ya zama gida, gida ya zama ofis. Suka ƙarasa ayyukan da aka bari, mafi muhimmanci kuma Boston and Albany bai janye ba. Tsakanin 1886 da 1894 sun ƙara masa tashoshi 23, jimla 32 ke nan a layi ɗaya.

Masu suka sun ce kwafi kawai suka yi, kuma ba ƙarya suka yi ba. In aka ajiye hoton tashar Newton Highlands kusa da ta Woodland, sai gwani ne zai ce wannan ta maigida ce waccan ta yara. Sai dai ni ban ɗauki wannan aibi ba. Kamfanin jirgi ba gini 32 masu ban mamaki yake nema ba, so yake fasinja ya leƙo ta taga ya san a layin wa yake. Maimaitawar ita ce hajar da aka saya. Inda sukar ta fi kama su shi ne a manyan ayyuka, inda ake buƙatar sabon tunani. Cocin Shadyside Presbyterian da suka gama a Pittsburgh a 1890 kyakkyawan gini ne, amma ƙanen Trinity ne, da hasumiyarsa ta tsakiya da zaurensa mai tara jama'a kusa da mumbari. A Trinity ɗin kansa su ne suka ƙara baranda mai sassaƙe-sassaƙe a fuskar yamma a shekarun 1890, wadda yawancin masu ɗaukar hoto ke zaton ta Richardson ce.

Aikin da ya haɗa coci da reluwe wuri ɗaya a hannunsu shi ne jami'ar Stanford a Kalifoniya. Leland Stanford da jirgin ƙasa ya yi arziki, shi ne shugaban Central Pacific. Ɗansa tilo ya rasu a 1884, shi da matarsa Jane suka kafa jami'a da sunan yaron. Olmsted ya tsara filin, Coolidge ya zana gine-ginen, dogayen baranda na bakan gizo da jan rufi, aka buɗe a 1891. Da Leland ya rasu a 1893, matar ta gina coci a tsakiyar harabar don tunawa da shi, bisa zanen Coolidge, mai hasumiya irin ta Trinity. An keɓe shi a 1903. Girgizar ƙasar 1906 ta rusa hasumiyar, ba a kuma sake tayar da ita ba.

Kafin nan ma sun riga sun sauya riga. Baje kolin duniya da aka yi a Shikago a 1893 ya zo da fararen gine-gine masu ginshiƙai irin na tsohuwar Girka da Rum, Amurkawa suka ruɗe a kansu, dutse mai kaushi ya zama tsohon yayi cikin 'yan shekaru. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Magadan Richardson ba su tsaya kare salon maigida ba. Gidan kayan fasaha na Shikago da suka gama a 1893 da ɗakin karatun birnin na 1897 duk a sabon salo suke. Babbar tasharsu kuwa, South Station ta Boston, da aka buɗe ranar 1 ga Janairu 1899 don haɗe kamfanonin da ke shigowa birnin ta kudu da yamma, doguwar fuska ce mai lanƙwasa da jerin ginshiƙai, agogo a sama, gaggafa a kan agogon, layuka 28 a bayanta. Ta fuskar zane, ba abin da ya haɗa ta da Auburndale sai ofishin da ya zana su. A filin Copley ma, daura da Trinity, tsofaffin yaran Richardson ne, McKim da White, suka kafa ɗakin karatun Boston a sabon salon, gine-ginen biyu suna kallon juna har yau.

Saboda haka in aka ce sun gaji Richardson, sai a tambaya me suka gada. Salon bai shekara goma a hannunsu ba. Abin da ya zauna shi ne tsarin ofis mai iya aiki ko maigida ba ya nan, da ɗan kwangila amintacce, da zumunci da gidajen masu kuɗin Boston waɗanda su ne a kwamitin coci, su ne a kujerun daraktocin reluwe, su ne kuma amintattun Harvard. Da kuɗin waɗannan mutane ya juya zuwa jami'o'i da asibitoci, ofishin ya bi shi. Makarantar likitanci ta Harvard da aka gama a 1906 tasu ce. Shepley ya rasu a 1903, Rutan a 1914, suna ya yi ta sauyawa yayin da abokan tarayya ke shiga suna fita, har jikan Richardson, Henry Richardson Shepley, ya zama ɗaya daga cikin shugabanni. Kamfanin na yau ya fi shahara da asibitoci da ɗakunan karatu da gine-ginen jami'a.

Gine-ginen kuwa rabonsu ya bambanta. Coci yana da masu shi, mutanen da aka ɗaura auren iyayensu a ciki, waɗanda za su yi karo-karo in rufi ya fara yoyo. Ba duka ne suka tsira ba, Church of the Unity da aka fara da shi an rushe shi a 1961, amma Trinity da Shadyside da Emmanuel da na Stanford duk suna tsaye. Tasha ba ta da kowa sai fasinja, fasinja kuwa ya sayi mota. Boston and Albany ya shiga hannun New York Central a 1900 ta hanyar haya. A 1959 aka mayar da reshen da ya ratsa Newton layin taragon lantarki, aka rushe Chestnut Hill da Waban da Eliot, galibi don a sami wurin ajiye motoci. A farkon shekarun 1960 aka shimfiɗa babbar hanyar mota ta Massachusetts Turnpike a gefen dogon har cikin Boston, ta haɗiye Auburndale, tashar da aka fara da ita. South Station ma an guntule mata fuka-fukai, saura ƙiris a gama da ita, sai aka sa ta cikin rajistar wuraren tarihi a 1975.

Waɗanda suka rage, yawanci wata sana'a suka samu. Palmer da South Framingham an mayar da su gidajen abinci. North Easton ƙungiyar tarihin garin ce ke ciki. Woodland ta zama ɗakin ajiyar kayan aiki na wani filin wasan golf. New London hukumar sabunta birni ta so rushe ta, mutanen gari suka yi tsaye a shekarun 1970 har aka sayar da ita ga masu gyara, kuma jiragen Amtrak masu zirga-zirga tsakanin Boston da New York suna tsayawa a gabanta kullum.